YADDA AKE BIN DIDDIGIN KAKAN DA YA YI AIKIN SOJA A ƘARNI NA 19 TA HANYAR TAKARDUN TARIHI

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukanmu akwai gidaje da dama da ake kira gidan Saje, ko gidan Samanja, ko gidan Kofur, alhali babu wani soja mai rai a cikinsu. Idan aka tambayi dattawan gidan sai su ce sunan ya samo asali ne daga wani kaka da ya tafi kudu yana saurayi, ya shekara goma ko fiye ba a ji ɗuriyarsa ba, daga baya ya dawo da jar dara da wata lambar ƙarfe ƙunshe a tsumma. Wasu kuwa kakan bai dawo ba, sai dai labari ya zo ta bakin fatake cewa an gan shi a Ikko ko Lakwaja ko Kumashi sanye da kayan sarki.

Dattawan da suka ji waɗannan labarai daga bakin masu su sun kusa ƙarewa, takardun da ke gidaje kuma gara da danshi suna cin su kowace damina. Domin haka muka shirya wannan bayani ga jama'ar karkara, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda akan je wa da irin waɗannan tambayoyi. Za mu bayyana rundunonin da mutanenmu suka yi wa aiki, da inda takardunsu suke, da matakan da mai bincike zai bi.

Rundunonin da aka ɗauki mutanenmu

Abu na farko shi ne sanin rundunar da kakan ya shiga, domin kowace runduna da hukumar da ta riƙe ta, kuma takardunta suna inda na wannan hukumar suke.

Rundunar Ikko. Ingila ta karɓi Ikko a 1861. A 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wasu 'yan Arewa ya ba su bindigogi, kuma Rundunar Sojan Nijeriya ta yau tana ƙidaya tarihinta ne daga waɗannan mutane 18. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga a farkon shekarun bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. An kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, sun kuma yi yaƙin Ijabu a 1892.

Rundunar Gold Coast, wato ƙasar da ta zama Gana a 1957. An kafa ta a 1879 da mutanen da aka ɗebo daga rundunar Ikko. Tana cikin ayarin da ya shiga Kumashi a 1896 aka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, ta kuma yi yaƙin 1900.

Rundunar Kamfanin Neja. Wannan kamfani na Sir George Goldie ya sami izinin mulki daga gwamnatin Ingila a 1886, ya kuma kafa sojojinsa, waɗanda babban barikinsu ya kasance a Lakwaja. Su ne suka yaƙi Bida a watan Janairu da Ilori a watan Fabrairu na 1897.

Rundunar Gaɓar Neja. Mazauninta Kalaba, kuma tana cikin waɗanda suka ci birnin Benin a 1897.

Rundunar Afirka ta Yamma, wadda a takardu ake taƙaita sunanta da WAFF. A 1897 aka ba Frederick Lugard, wanda aka fi sani da Gwamna Lugga, aikin kafa ta, da barikoki a Jabba da Lakwaja. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani, aka zuba sojojinsa cikin wannan runduna. Saboda haka mutumin da ya fara aiki da kamfani a 1895 ana iya samun sunansa cikin waɗanda aka kai Kano da Sakkwato a 1903.

Ban da Ingilishi, Jamusawa sun ɗauki Hausawa aikin soja a Togo da Kamaru, haka kuma wakilan Sarki Leopold na Beljiyam sun ɗebi Hausawa daga gaɓar teku zuwa Kwango tun daga shekarun 1880. Tun kafin wannan ma, a farkon ƙarnin, akwai bayin da aka tsallaka da su teku aka sa su cikin rundunonin Ingila na tsibiran Karebiyan, kuma littattafan rundunonin sun rubuta wasunsu a matsayin Hausawa.

Ya kamata a lura cewa kalmar Bahaushe a waɗannan takardu tana da faɗi. Hausa ce harshen bariki, don haka Turawa sukan kira Banufe da Babarbare da Bazabarme da mutumin Gurunshi da Hausawa muddin suna jin harshen. Ganin wannan kalma a gaban sunan mutum bai isa hujjar asalinsa ba.

Mataki na farko: a fara daga gida

Kada kowa ya kashe kuɗin mota zuwa Kaduna ko Badun kafin ya gama tattara abin da ke gida. Da tsohuwar zuma ake magani. A zauna da tsofaffin gida, maza da mata, domin sau da yawa gwaggo ko kaka mace ta fi riƙe sunaye da zumunci. A rubuta ko a naɗi muryarsu da wayar hannu, a kuma nemi waɗannan abubuwa:

1. Sunan yanka na kakan, da laƙabinsa, da sunan mahaifinsa.
2. Garin da aka haife shi, da garin da ya fito lokacin da ya shiga soja.
3. Ƙabilarsa da irin askar da ke fuskarsa.
4. Muƙaminsa: farabiti, kofur, saje ko samanja, ko ɗan igwa, ko mai busa bigila.
5. Sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙen da yake ambata, da laƙabin da sojoji ke kiran Baturensu.
6. Aikin da ya yi bayan sallama, da inda aka binne shi.

Tsofaffinmu ba sa lissafi da shekarun Turawa, amma suna tuna abin da ya faru. Idan aka ce ya bar gida shekarar da Rabe ya ci Kukawa, wannan 1893 ke nan. Yaƙin basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa ya gudana daga 1893 zuwa 1895. Annobar shanu da ake kira sannu ta ratsa ƙasar nan a farkon shekarun 1890. Idan kuwa an sami shekarar Hijira a bayan wani littafi na gida, to a tuna shekara ta 1300 ta kama ne a watan Nuwamban 1882, sai a yi lissafi daga nan.

Haka kuma a auna labarin da shekaru. Saurayi ɗan shekara 20 da ya shiga soja a 1897 an haife shi ne wajen 1877. Ga yawancin magidanta na yau wannan kakan uba ne ko ma wanda ya gabace shi. Idan aka ce mahaifin mutum ne ya yi sojan, to mafi yawa yaƙin duniya na 1914 ko na 1939 ake nufi, kuma waɗannan takardunsu daban ne.

Mataki na biyu: a duba kayan da ya bari

Lambar yabo ita ce babbar shaida. A juya ta a duba bakinta na gefe da kyau, domin a mafi yawan lambobin Ingila a nan ake buga lambar soja da muƙami da suna da runduna. A duba kuma ɗan ƙarfen da ke maƙale a kan ƙyallen, wanda ke ɗauke da sunan yaƙi ko shekara. Lambar Gabashi da Yammacin Afirka, wadda ta shafi yaƙe-yaƙe daga 1887 zuwa 1900, tana da ƙarafa irin su 1892, da Benin 1897, da Niger 1897. Akwai lambar yaƙin Asante ta 1874 da ta 1900. Tauraron Asante na 1896 an raba shi ne ba tare da suna ba. Kamfanin Neja ya buga tasa lambar, ta azurfa ga Turawa, ta tagulla ga baƙaƙen fata.

Lambar soja ta fi suna amfani wajen bincike. Sunaye suna maimaituwa, amma a cikin runduna ɗaya kowane mutum da lambarsa. Duk wanda ya sami takardar sallama ko wata takarda mai lamba, to ya yi rabin aikin.

Mataki na uku: sanin yadda aka rubuta sunan

Magatakardan bariki suna rubuta suna ne yadda kunnensu ya ji. Muhammadu kan zama Mahama ko Momo ko Mamadu. Audu kan zama Awudu, Ibrahim ya zama Braima ko Brimah, Abubakar ya zama Bukari ko Garuba. Kalmar Hausa kanta an fi rubuta ta Houssa ko Haussa. Katsina takan fito a matsayin Katsena, Bauci kuma Bautshi ko Yakoba.

Sannan ba a cika rubuta sunan mahaifi ba. Akan haɗa sunan mutum da na garinsu ko ƙabilarsa, shi ya sa rajistocin suka cika da Kano da Zariya da Sakkwato da Barno a matsayin suna na biyu. Sanannen misali shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wanda ake cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na 1914, a ƙasar Togo. Grunshi sunan ƙabila ne. Wanda ya fito daga ƙaramin ƙauye yakan faɗi sunan babban birnin ƙasarsu, wanda ya gudu daga ubangijinsa kuwa yana iya sauya suna gaba ɗaya don kada a gano shi. Saboda haka mai bincike ya rubuta duk yadda za a iya juya sunan kafin ya fara nema.

Mataki na huɗu: gidajen ajiye takardu

Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa. An kafa ta a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rumbunanta suna Badun da Inugu da Kaduna. Takardun mulkin Ikko suna Badun, na yankin gabas suna Inugu. Na Kaduna yawancinsu sun fara ne daga 1900, don haka sun fi amfani wajen gano rayuwar mutum bayan sallama. Tsofaffin sojoji da dama sun zama 'yan sanda, ko masinjoji, ko tafintoci a ofisoshin lardi. A nemi fayilolin sakatariyar Arewa masu alamar SNP, da na larduna irin su KANOPROF da ZARPROF da SOKPROF da LOKPROF, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi.

Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana da takardu da kundayen bincike da za su taimaka.

Gana. Wanda kakansa ya yi aiki a Gold Coast sai ya nufi hukumar takardun tarihi ta ƙasar, wadda ake kira PRAAD, a birnin Akra. Kada a manta da zangunan Akra da Kumashi, inda tsofaffin sojoji da yawa suka zauna suka hayayyafa. Sarakunan zango da limamai sun san gidajen.

Ingila. Babban rumbun takardun gwamnatin Ingila yana unguwar Kew a Landan, kuma kundin jerin takardunsa mai suna Discovery yana kan intanet kyauta. Ga alamomin da za a nema:

WO 100: jerin sunayen waɗanda aka ba lambobin yabo, an tsara su bisa yaƙi da runduna. An ɗauki hotonsu, ana iya duba su ta intanet. Nan ne aka fi samun sunan ƙaramin soja baƙar fata.
CO 147: wasiƙun gwamnatin Ikko.
CO 96: wasiƙun gwamnatin Gold Coast.
CO 445: wasiƙun rundunar WAFF daga 1898.
CO 446: wasiƙun Nijeriya ta Arewa.
WO 25: littattafan siffofin sojoji, ciki har da na rundunonin Karebiyan, masu nuna shekaru da tsayi da asalin mutum.

A cikin wasiƙun akan sami rahotannin yaƙi da jerin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni, da sunayen waɗanda aka yaba wa ko aka hukunta. Jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, ta buga wasu rahotannin, kuma tsofaffin fitowarta suna intanet. Takardun Glover na kansa suna ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, na Lugard suna Oxford. Game da Kamfanin Neja, shi Goldie ya hallaka takardunsa kafin rasuwarsa, abin da ya saura na kamfanin yana rumbun Unilever a Port Sunlight. Takardun mulkin mallakar Jamus suna Balin, na Kwango kuma suna Beljiyam.

Ba dole ba ne a je Turai. Ɗa ko jika mai ilmin boko zai iya fara bincike da kwamfuta ko wayar hannu, kuma rumbun Kew yana aiko da kwafin takarda ga wanda ya faɗi lambarta ya biya kuɗin aikin.

Abin da za a sa rai da shi

Kada mai bincike ya zaci zai tarar da fayil guda mai ɗauke da tarihin kakansa daga farko zuwa ƙarshe. Irin waɗannan takardun aiki, masu alamar WO 97 a Kew, na sojojin rundunar Ingila ce ta ainihi. Rundunonin Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin gwamnonin mulkin mallaka ne ko kamfani, kuma rajistocinsu da yawa sun salwanta. Abin da aka fi samu layi ɗaya ne: lamba, muƙami, suna, yaƙi. Amma layin nan yana faɗin inda mutum yake a wata shekara, daga nan rahoton hafsansa zai bayyana hanyar da suka bi da abin da ya same su.

A kuma tuna ba duk wanda ya bi ayari ne soja ba. A yaƙin Bida da Ilori sojojin kamfani kimanin 500 ne, 'yan dako kuwa sun kusa 900, kuma ba a cika rubuta sunayensu ba.

Muna son mu jaddada ƙa'ida ɗaya: kamannin suna kaɗai ba hujja ba ne. Sai an sami aƙalla abu biyu da suka dace, kamar lambar da ke jikin ƙarfen gida da ta rajista, ko muƙami da yaƙi da shekara da suka yi daidai da labarin tsofaffi, sannan a ce an gano mutum.

Labarin Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, yana nuna amfanin haɗa shaidu. An haife shi a Kukawa, aka kama shi bawa yana yaro, aka ratsa da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya zauna a Istambul da Rasha kafin ya isa Amurka. A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1873 bai ambaci aikin soja ba. Amma takardun sojan Amurka sun nuna ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863, lokacin yaƙin basasar ƙasar, har ya kai muƙamin saje. Abin da mutum ya ɓoye takarda tana iya bayyana shi, haka kuma baki yana riƙe da abubuwan da takarda ba ta rubuta ba.

Waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashin sarakuna

Mafi yawan mayaƙan ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19 barade ne da 'yan lifidi da 'yan baka da 'yan bindigar sarakuna, kuma ba a ajiye musu rajista irin ta bariki ba. Hanyar bin diddiginsu ita ce sarauta da kirari da tarihin gidaje, sai wasiƙun sarakuna na Larabci da littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tarihin Kano, waɗanda suka ambaci yaƙe-yaƙe da manyan jarumai. A tuntuɓi fadar masarauta, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.

Abin da ka iya fitowa mai nauyi

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: bincike yana iya tono abin da gida bai shirya ji ba. Ana iya gano cewa kakan bawa ne da ya sami 'yanci ta hanyar shiga soja, ko an taɓa hukunta shi, ko yana cikin ayarin da ya ci garin da jikokinsa ke zaune a yau. Mutane ne da suka rayu a zamanin hari da bauta da yunwa, kuma ba a ɗora wa jika alhakin abin da kakansa ya yi. Muna ba da shawara mai bincike ya fara gabatar da abin da ya samo ga dattawan gidan kafin ya yaɗa shi, kada kuma kowa ya mai da takardar tarihi makamin gori, ko hujjar tayar da rigimar gona ko sarauta da aka riga aka sasanta.

Har ila yau muna jan kunnen jama'a game da 'yan damfara. Duk wanda ya zo yana cewa akwai fansho ko diyyar kakanku da ke jira a Ingila, a ba shi kuɗi ya fito da ita, to a kai maganarsa ga mai unguwa ko 'yan sanda. Wannan bincike na sanin asali ne.

Kira ga masu riƙe da jama'a

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su taimaka wajen gano gidajen da ke da irin wannan tarihi, su kuma ba masu bincike na gaskiya takardar gabatarwa. Jami'an al'adu na ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu za su iya sa ɗalibai naɗar labaran tsofaffi tun suna raye.

Masu kayan tarihi a gida kuma su kiyaye waɗannan abubuwa: kada a goge lambar yabo da toka ko yashi, domin rubutun bakinta zai shafe. Kada a sayar da ita ga dillalai ko a kai ta maƙera. Kada a liƙe tsohuwar takarda da gam ko a rufe ta da leda mai zafi. A ɗauki hotonta gaba da baya, a sa ta tsakanin fararen takardu, a ajiye cikin akwatin ƙarfe a wuri mai tsayi nesa da danshi. Idan za a je gidan ajiye takardu, a tafi da hoto da katin shaida, a bar ainihin kayan a gida.

Kammalawa

Wannan aiki yana buƙatar haƙuri, domin ana iya shafe watanni kafin a ci karo da layi ɗaya, amma matambayi ba ya ɓata. Duk abin da aka samo a rubuta shi tare da lambar fayil da sunan rumbun da aka same shi, a yi kwafi a raba wa 'yan uwa, a kuma kai ɗaya ga hukumar tarihi mafi kusa domin amfanin na baya. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya fara da su tun yau.